Injin tsohuwar 504 yana ƙasa: ina za a buɗe wa iska hanya, ina za a bari?

Wani mai karatu daga Marwa ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Maigida. Ina da Peugeot 504 doguwa mai injin lita 2 da kafireta, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Injin ya gaji, mun sauke shi za mu sake masa fistin da ringi da shemis, wato bututun da fistin ke kai da komo a ciki. Tunda a buɗe yake, abokaina sun ce in sa a yashe ramukan kilas, wato kan injin, su yi faɗi, a goge su har su yi ƙyalli, in cire tukunyar iska mai bakin mai in sa irin matatar 'yan tsere, sannan in ɗaura bututun salansa babba ba tare da tukunya ba. Wani dattijo kuma ya ce in na yi haka na kashe injin, wai dole sai hayaƙi ya sami abin da ke tare shi. Motar ta iyali ce, ina zuwa Garwa da Ngaundere da ita, wani lokaci Kuseri. Maganar wa zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya sa motar ta yi albarka a hannunka. In na fahimce ka da kyau, so kake ka san aikin da ya dace a yi wa hanyar shigar iska da hanyar fitar hayaƙi tun injin yana ƙasa, don motar ta ƙara ƙarfi amma kada ta koma mai zuƙar mai ko mai ajiye iyali a daji. To, kada ka faɗaɗa ramukan kilas, kada ka cire tukunyar iska, kada ka jefar da tukunyar salansa. Kuɗinka da haƙurinka ka zuba su a bakin bawul da ɗan lungun da ke bayansa, don a nan iskar tsohon inji take shaƙewa. Sauran aikin duk na gano wuraren da shekaru suka toshe ne a buɗe su. Bari in faɗa maka dalili, tunda kai za ka tsaya a kan masu aikin.

Iskar da injin ke nema

An fara fitar da 504 a Faransa a 1968 da injin cc 1,796, sai mai cc 1,971 ya biyo baya a 1970, kuma shi ne naka. Daga 1975 aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa kayanta ba su yanke mana ba a wannan yanki. Injin silinda huɗu ne, kilas ɗinsa na alminiyam, kamshaf yana cikin gangar jiki yana tura bawul da sanduna, ƙarfinsa doki 90 da 'yan kai lokacin yana sabo. Ba don tsere aka ƙera shi ba. An ƙera shi ya ja kaya daga ƙasa, ya jure.

Ƙarfin injin fetur daga iska yake zuwa. Zuba mai ba wuya, kafireta za ta ba da ko nawa aka ce ta bayar, amma kowane giram 1 na fetur yana buƙatar giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. In ka mayar da shi lissafin lita, lita 1 ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Injinka kuwa a kowane juyi biyu yake zuƙar cikinsa sau ɗaya, saboda haka a juyi 5,000 cikin minti ɗaya yana neman lita 4,900 da ɗoriya. Ba ya samun su duka. Injin wancan zamani mai lafiya yakan cika kashi 75 zuwa 85 cikin 100 ne, wanda ya gaji kuma bai kai nan ba. Duk abin da ake kira gyaran hanyar iska, ƙoƙarin rage wannan giɓi ne.

Mu nan muna da ƙarin asara da Bature bai sani ba. Iska mai zafi ba ta da nauyi: duk digiri 10 da zafi ya ƙaru, abin da silinda ke ɗauka yana raguwa da wajen kashi 3. Tsakanin sanyin digiri 15 da ranar Afrilu mai digiri 45 a Marwa ko Garwa, kusan kashi 10 ya tafi tun ba ka taɓa komai ba. Hawa ma haka: kowace mita 100 tana cin kusan kashi 1 na ƙarfi, ga Garwa tana kwarin Binuwai a wajen mita 200, Ngaundere kuwa ta haura mita 1,100. In motar ta yi sanyin jiki a hawan dutsen nan kafin ka shiga Ngaundere, wani ɓangare na laifin na sararin Allah ne, babu mai walda da zai gyara shi.

Tukunyar iska da kafireta

Tukunyar nan mai bakin mai da abokanka suka raina, don irin ƙasarmu aka sa ta. Iska tana sauka, ta juya da ƙarfi a kan man, ƙura mai nauyi ta faɗa ciki, sauran kuma ragar ƙarfen da mai ya jiƙa ta kama. Amfaninta shi ne ba ta toshewa da sauri, kuma wanki take so, ba saye ba. In ka ga tana shaƙe injin, ɗayan biyu ne: an cika man ya wuce alamar da ke jikin kwanon, ko ragar ta daskare da taɓo. A wanke ragar da kananzir, a bar ta ta tsane, a zuba mai daidai kan layi. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da hazo ke sauka, ka riƙa leƙa kwanon a kai a kai, in ka ji laka a ƙasansa ka sake. Matatar takarda mai kyau a cikin tukunyarta ta asali ita ma babu laifi, ta ma fi kama ƙura mai laushi, sai dai kada a hura ta da iskar kwampireso mai ƙarfi, tana yin ƙananan huji da ido ba ya gani.

Matatar 'yan tsere da ake maƙalawa a kan kafireta tana da illa biyu a wurinmu. Tana barin ƙura mai laushi ta wuce, ƙurar kuma in ta haɗu da bakin mai ita ce ke cinye ringi da shemis ɗin da ka sa kuɗi ka saya. Sannan tana shan iskar cikin bonet, wadda ta riga ta bi ta lagireto ta gasu a kan bututun hayaƙi. Ɗan abin da ka samu na sakewar hanya, zafi ya ƙwace shi. Ƙarar zuƙar iska ce ke sa mutum ya ji kamar motar ta ƙara gudu. Abin da ya fi shi ne ka tabbata bakin tukunyar yana kallon gaba, yana ɗaukar iskar waje, a wuri mai tudu da ruwan damina ba zai kai ba. Ka kuma lanƙwasa robar da ta haɗa tukunyar da kafireta ka duba tsaga. Shafa yatsa a cikin maƙogwaron kafireta: in ka ji gari-gari, ƙura tana shiga ta wani wuri.

Kafin a yi zancen sake kafireta, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Injin a kashe, yaro ya taka totur har ƙasa, kai kuma ka leƙa ciki da tocila. Faifan da ke buɗe maƙogwaro dole ya miƙe tsaye cak. Sau da yawa a gareji nakan tarar waya ta saki ko tabarmar ƙafa ta tokare, faifan yana tsayawa a karkace. In kafiretarka mai maƙogwaro biyu ce, Solex ko Zenith, duba na biyun, don shi ne ke buɗewa in an taka sosai, kuma shi ne ke cijewa in an daɗe ana lallaɓa mota cikin gari. Akwai motocin da suka yi shekaru suna tafiya da rabin kafireta masu su ba su sani ba. Girgiza sandar faifan kuma, in tana wasa to iskar sata na shiga, silo, wato juyin inji ba a taka totur ba, ba zai taɓa zama ba. In kafiretar ta mutu murus, Weber 32/36 tana zama da kyau a injin lita 2 idan an yi mata mazauni mai kyau. Wadda ta fi wannan girma kuwa ɓata ce, domin saurin iska a maƙogwaro shi ke jawo mai, maƙogwaron da ya yi faɗi da yawa ba ya jawowa da kyau sai injin ya yi sama.

Bakin bawul

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Duk iskar da ta shiga silinda sai ta ratsa ta zoben da ke buɗewa tsakanin bawul da mazauninsa. Lissafi ya nuna sai bawul ya ɗaga da rubu'in faɗin kansa kafin wannan zobe ya yi daidai da faɗin ramin da ke bayansa. Bawul mai milimita 40 ke nan sai ya ɗaga milimita 10. Kamshaf irin na motar gida da ƙyar yake kai shi kusa da nan, kuma na ɗan ƙiftawar ido ne. Mafi yawan lokacin bawul yana kan hanyar buɗewa ko rufewa, a ɗage kaɗan. Ashe ko ka mayar da ramin kilas ƙofar gari, iskar za ta zo ta tsaya a wannan siririn zobe. Siffar bakin ita ke hukunci.

A fara da gid, wato bututun da sandar bawul ke kai da komo a ciki. Zura bawul, ɗaga shi kaɗan daga mazauni, kaɗa kansa gefe da gefe. In yana rawa, a sake gid tukuna, don daga tsakiyarsa ake auna yankan mazauni, kuma gid mai wasa yana tsiyayo bakin mai da ke daskarewa a bayan bawul ɗin iska. Ka juya tsoffin bawul ɗinka ka gani: wani za ka tarar da baƙin dunƙule kamar an liƙa masa kwalta, ya cinye rabin hanya.

Sai mazaunin kansa. Abin da aka saba a gareji da yawa shi ne a shafa man goge bawul, a kama sandar roba a yi ta murzawa tsakanin tafin hannu har sai ya daina yoyo. Yoyo zai tsaya, amma kowane murzawa yana faɗaɗa mazaunin yana nutsar da bawul cikin kilas. Injin da aka buɗe sau da yawa za ka ga layin mazauninsa ya kai milimita 3 ko 4, bawul ya faɗa rami, gefen ramin ya tsaya masa kamar katanga. Irin wannan sai ya ɗaga sosai kafin iska ta fara wucewa. Gyaransa shi ne yanka mai kusurwa uku: kusurwar tsakiya da bawul ke zama a kai, wata mai kwanciya daga sama da ke share hanya zuwa ɗakin wuta, wata mai tsayuwa daga ƙasa da ke sadar da ita da rami. A yawancin injuna digiri 45 ne a tsakiya, 30 a sama, 60 a ƙasa, amma a auna kusurwar bawul ɗinka kafin a sa wuƙa, don ba kowane kamfani ne ke amfani da 45 a bawul ɗin iska ba. Da yankan sama da na ƙasa ake matse layin ya dawo wajen milimita 1.5 a na iska, wajen milimita 2 a na hayaƙi. Na hayaƙin ana barinsa da ɗan faɗi da gangan, saboda ta nan bawul yake sauke mafi yawan zafinsa cikin kilas. Wanda ya sirantar da shi don neman iska zai ƙona bawul a hanyar Kuseri.

Bayan yanka, murzawa kaɗan ta isa. Ka zana layuka da alƙalamin maka a fuskar bawul, ka zaunar da shi, ka juya shi rubu'in zagaye, ka ɗaga. Tawadar ta goge a zobe ɗaya siriri da ya zagaye ba yankewa, a tsakiyar fuskar ko ɗan kusa da gefen waje. Sannan a ɗaura sifirin, a kifa kilas, a cika ɗakunan wuta huɗu da kananzir, a je a sha shayi a dawo. Haska tocila cikin ramuka: wanda ya jiƙe, a sake shi. In mazaunin ya nutse fiye da gyara, zobe ne na ƙarfe da aka dasa cikin alminiyam, ana cire shi a dasa sabo. A nemi mai tauri, tunda fetur mai dalma da ke lallashin mazaunin bawul an daina sayar da shi a ƙasashenmu tun farkon 2006.

Kada ka manta da abin da ke ɗaga bawul ɗin. Kamshaf da ƙusoshinsa suka cinye ba ya buɗewa yadda aka tsara, sarƙar da ta miƙe kuma tana jinkirta buɗewa da rufewa gaba ɗaya. A auna tudun kowane ƙuso a kwatanta da 'yan'uwansa, a sa sabuwar sarƙa. Ban ba ka shawarar kamshaf na tsere ba: yana kai ƙarfin can sama inda ba ka zuwa, ya lalata silo, ya rage zuƙar da birkinka ke dogara da ita.

Ramukan kilas

Ka san Mayo Kaliyawo da ya ratsa garinku. Inda ya matse, ruwan damina yana gudu yana ɗauke da yashinsa, inda ya baje kuwa sai ya lafa ya zubar da yashin. Iskar da ta fito daga kafireta haka take ɗauke da fetur. In ramin ya yi faɗi, gudunta ya ragu, man ya sauka ya kwanta a bango, wata silinda ta sha da yawa wata ta rasa. Akwai kuma abu na biyu. Bawul ɗin iska ba ya rufewa sai bayan fistin ya fara dawowa sama, kuma gudun da iskar ta ɗauko shi ke sa ta ci gaba da cusa kanta a wannan ɗan lokaci. Iska mai sanyin gudu fistin zai turo ta baya. Shi ya sa kilas ɗin da aka yashe yake sa mota ta mutu a ƙasa, sai an yi ta sauya giya, alhali kai tsakanin juyi 2,000 da 3,500 kake rayuwa da ita.

Ga kuma haɗarin da ba ya gyaruwa. Bayan bangon ramin ruwan sanyaya inji ne ke zagayawa, kuma kilas mai shekara 40 ruwan rijiya ya riga ya ci shi ta ciki. Ba ka ganin kaurin da ya rage. An sha kawo mini kilas da wani ya yashe har ya ɓula, ko ya bar bangon kamar takarda ya tsage bayan injin ya ɗauki zafi. Garin neman gira an rasa ido. A yawancin kilas na 504 mai kafireta da suka biyo ta hannuna ma, hanyar iskar tana rarrabuwa ne a cikin jikin kilas ɗin kansa, inda dutsen gurza ba ya kaiwa. Ka faɗaɗa bakin da kake gani, cikin yana nan yadda yake.

Abin da ya halatta a taɓa kaɗan ne, kuma yatsa ne ke nuna shi. Cire bawul, zura ɗan yatsa ta mazauni. Daidai inda zoben ƙarfe ya haɗu da alminiyam za ka ji gaɓa, wani lokaci har da kaifi inda wuƙar kamfani ta tsaya. Wannan gaɓar a shafe ta ta zama sumul. Maƙogwaron da ke ƙarƙashin mazauni kada ya wuce kashi 85 zuwa 90 na faɗin kan bawul, ɗan matsewar nan ita ke taimakon iska ta baje a bakin. Lanƙwasa yatsan kuma ka shafo gajeren gefen kwanar, inda rami ya karyo zuwa bawul. In akwai tsini a nan, a mulmula shi kawai, kada a rage tudunsa, domin iska ba ta son kwana mai kaifi, tana ɓallewa daga bango ta bar rabin bawul ba aiki. Ƙurajen da zubin ƙarfe ya bari a kankare su. Ƙasan ramin kuwa a bar shi. Duk abin da aka cire daga rami ɗaya bai kamata ya cika cokalin shayi ba, kuma abin da aka yi wa ɗaya a yi wa sauran daidai. A sa tsohon bawul a mazauni ko a liƙa masa tef yayin gurza, don kuskure ɗaya na hannu yana ɓata yankan da aka biya.

Ƙyalli na ido ne. Ramin iska a bar shi da ɗan kaushin takardar yashi mai lamba 60 ko 80, don bango mai santsi kamar madubi yana tara fetur ɗigo-ɗigo. Na hayaƙi in an so a sulɓe shi, yana rage kamun baƙi, amma ba wani ƙarfi zai ƙara ba. Wajen haɗa gaskit kuma a tabbata bai leƙo cikin rami ba, in ya leƙo a yanke.

Abu biyu a gefe, tunda kilas yana ƙasa. Kada a sa a share fuskarsa fiye da abin da zai daidaita ta. Sharewa tana ƙara matsi, kai kuma wata rana zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, za ka sha a bakin hanya ba ka san ingancinsa ba, injin ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani har fistin ya huje. Sannan shemis na 504 a cikin ruwa suke zaune, in babu kilas a kai kada a juya karanshaf sai an danne su, in ba haka ba su ɗaga, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin bakin mai.

Salansa

Dattijon nan ya ga abu na gaskiya, sunan da ya ba shi ne bai dace ba. Ya ga motocin da aka sa wa ƙaton bututu sun rasa ƙarfi, ya ɗauka tarewar ce injin ke so. Babu injin da ke amfana da a tare masa hayaƙi, duk abin da ya rage a silinda ya ci wurin sabuwar iska, fistin kuma ya ɓata ƙarfi wajen tura shi. Abin da ƙaton bututu ke kashewa gudu ne. Hayaƙi yana fita ne dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule in yana gudu yana barin zuƙa a bayansa. A ƙarshen fitar hayaƙi akwai ɗan lokacin da bawul biyu suke buɗe tare, kuma wannan zuƙar tana share ragowar hayaƙin har ta fara jawo sabuwar iska. Bututu mai faɗi ya sa hayaƙi ya baje ya huce, zuƙar ta ɓace. Ga injin lita 2 na hanya, bututu mai milimita 45 zuwa 50 ya wadatar.

Injinka yana tashi ne 1, 3, 4, 2. Saboda haka kolekta mai kyau, wato ƙarfen da ke tattara bakunan hayaƙi, yana haɗa 1 da 4 a reshe ɗaya, 2 da 3 a ɗaya, sannan rassan biyu su yi ɗan tafiya kafin su haɗe. Ta haka silindar da ke fitar da hayaƙi ba ta hura shi cikin maƙwabciyarta. In naka na asali mai baki biyu ne kuma bai tsage ba, riƙe shi, ya fi yawancin abin da za a ƙera maka, ga shi ƙarfen zubi yana riƙe zafi da ƙara. In mai baki ɗaya ne kana son a ƙera, wannan tsarin na huɗu zuwa biyu zuwa ɗaya shi ya dace da motar iyali. Mai haɗa huɗun wuri guda na masu gudu a sama ne. In bakin kolekta ya ɗan fi ramin kilas faɗi, a bar gaɓar, tana hana hayaƙi komowa.

A gaskiya ma matsalar salansar tsohuwar mota ba ƙanƙanta ba ce, rauni ne. Shiga ƙarƙashinta ka bi bututun da hannu daga gaba zuwa baya. Za ka sami inda dutse ya maƙe shi, inda aka lanƙwasa shi da wuta ya tsuke, inda aka zura ƙaramin bututu cikin babba aka yi walda narkakken ƙarfe ya zubo ciki. Wuri ɗaya da ya koma rabi ya isa ya shaƙe layin duka. In za a lanƙwasa sabo, a ɗura masa yashi, a toshe, a gasa, a karya a hankali, yashin ne ke hana shi tsukewa. Amma yashin ya bushe ƙayau, mai danshi yana yin tururi ya fashe a fuskar mai aiki. Tukunyar kuma a buga ta da tafin hannu, in tana kaca-kaca to farantan ciki sun ruɓe, wani yana iya faɗuwa ya rufe mafita. A sa sabuwa irin wadda in ka ɗaga kana hango haske ta cikinta, tana rage ƙara ba tare da tarewa ba. Tafiya babu tukunya daga Marwa zuwa Ngaundere azaba ce ga yara, ga jami'an hanya. Kuma a doguwar 504 lallai wutsiyar bututu ta fito bayan jikin mota, robar ƙofar baya ta kama, domin hayaƙin da ke dawowa ciki yana da guba marar wari da ke sa barci.

Bayan an ɗaura

A saita tafet, wato ratar da ke tsakanin bawul da abin da ke danna shi, injin yana sanyi, milimita 0.10 a na iska, 0.25 a na hayaƙi, a tuna Faransawa daga wajen giya suke fara ƙirga silinda ta 1. Bayan kilomita 1,000 a sake ɗaure kilas a sake saitawa. A daidaita wutar delko, mai raba wuta ga fulogi, kafin a taɓa kafireta. In kana iya aron agogon auna zuƙa, injin mai lafiya yana nuna inci 17 zuwa 21 a silo, allura a tsaye. Riƙe shi a juyi 2,500: in allurar ta riƙa zamewa ƙasa a hankali, salansa na tarewa.

Injin da ya sami ƙarin iska yana iya neman ƙarin mai. Bayan ringi sun zauna, ka sami miƙaƙƙiyar hanya, ka ja ta da ƙarfi, ka kashe a gefe ba tare da barin ta yi silo ba, ka cire fulogi. Ruwan ƙasa mai haske shi ake so. Fari fat yana nufin mai ya yi kaɗan, a ƙara jikler babba, wato ɗan ramin da ke auna mai a kafireta, da mataki ɗaya, don ƙarancin mai a zafin nan shi ke ƙona bawul. Baƙi mai gari kuma mai ya yi yawa. A saita ta a Marwa ko Garwa, ba a Ngaundere ba. Wadda aka saita a ƙasa in ta hau tudu ɗan mai zai yi mata yawa, babu cutarwa, wadda aka saita a tudu kuwa in ta sauko sai ta rasa.

Ni ba ni da injin auna gudun iska a kilas irin na manyan wuraren gyaran motocin tsere, ba ni da na auna doki, kuma ban ga injinka ba. Saboda haka ba zan ce maka ga adadin dokin da za ka samu ba, ba zan kuma ba ka lambar jikler daga nesa ba. Abin da nake gani a aikina shi ne yawancin ƙarfin da mutum ke murna da shi bayan wannan gyara, wanda ya ɓace ne ya dawo, ƙarin da ke kansa kaɗan ne, an fi jin sa a hawa da wajen wuce babbar mota. In kana son shaida, auna da agogon wayarka daƙiƙa nawa take ɗauka daga 60 zuwa 100 a giyar ƙarshe, a hanya ɗaya, da kaya ɗaya, da safe, duk lokacin da ka sauya wani abu, kuma abu ɗaya za ka riƙa sauyawa. Kafin a kai kilas wurin yanka, ɗauko mini hoton mazaunan bawul takwas ɗin da na bakin kolekta, ka auna faɗin layin kowanne, sai in gaya maka waɗanda za su yanku da waɗanda sai an dasa sabo.